Kasuwar da ba a cewa «albarka»

A unguwar Tsim Sha Tsui da ke bakin ruwa a birnin Hong Kong, kasuwanni biyu ne ke maƙwabtaka, tafiyar ƴan mintoci a ƙasa ke raba su. Baƙon da ya sauka daga jirgin fito na Star Ferry, Harbour City ce ke fara tarbarsa: kantuna sama da 400, a filin da a dā ake jibge kayan jiragen ruwa. Sashenta na farko, Ocean Terminal, an buɗe shi a 1966. Gaba kaɗan, a titin Nathan, ga Chungking Mansions, bene mai hawa 17 da aka kammala a 1961, matattarar fatake daga Indiya, Pakistan da Afirka. Masanin nan Gordon Mathews, wanda ya wallafa littafi a kan benen a 2011, ya ƙiyasta cewa akwai lokacin da kashi 20 cikin 100 na salular da ke hannun mutane a Afirka kudu da Sahara ta nan ta ratso.

Wace ce daga cikinsu ta fi mutunta mai saye?

A kasuwa ta farko, farashi a rubuce yake. Ba a duba tufafin mutum kafin a yanka masa kuɗi, ba a kuma ƙara wa baƙo don bai san gari ba. Wannan adalci ne, bai kamata a raina shi ba. Sai dai adalci ne marar baki. Wanda aljihunsa bai kai ba zai tsaya bayan gilashi, ya karanta, ya wuce, ba wanda ya san ya zo.

A ta biyu kuwa, sai an yi ciniki. Mai karatu ya san yadda abin yake a kasuwanninmu: idan tayi ya yi kaɗan, mai kaya kan ce «albarka», wato ya ƙi, amma da fatan alheri ya ƙi, ƙofar magana kuma tana buɗe. Talaka a nan abokin zance ne. Amma ta wannan ƙofar ce cuta ke shigowa, domin salular jabu ta sha fita daga benen zuwa hannun waɗanda ba su da halin gwada ta.

Ashe kowace ta riƙe rabin haƙƙin mai saye ne: ɗaya ta tsare masa dukiya ta manta da fuskarsa, ɗaya ta dubi fuskarsa ta bar dukiyarsa ga imanin mai kaya. Rubutaccen farashi abu ne da doka ke iya tilastawa. Faɗin aibin haja ga baƙon da zai hau jirgi gobe, ba kuma zai dawo ba, wannan sai ɗan kasuwa ya ɗora wa kansa.