'Yancin Mai Bin Yesu da Inda Ya Tsaya

Ya mai karatu, kai da ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana bincike, lalle ka ji masu wa'azi suna cewa an 'yanta mai bi. Gaskiya suka faɗa maka. Amma kalmar nan ta sa mutane da yawa tuntuɓe. Wani ya ji ta, ya ce a ransa, to, daga yau ba mai hana ni kome. Wani kuma ya tsorata da ita, ya tara wa kansa dokoki har suka fi waɗanda ya baro nauyi.

Kakanninmu sun san bambancin ɗa da bawa, gama sun gani da idonsu. A shekara ta 1901 gwamnatin Turawa ta Nijeriya ta Arewa ta yi doka, cewa kowane yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Ba a kuwa kawar da bauta ɗungum a doka ba sai 1936. A zamanin bauta akwai murgu, akwai fansa. Mai murgu yakan biya ubangidansa lokaci lokaci domin a bar shi ya yi sana'arsa. Kana ganinsa a kasuwa ka ce ɗa ne, amma ran da ya kasa biya, ran nan zai tuna ko shi wane ne. Fansa dabam ce: an biya kuɗin kansa duka, ubangida ba shi da sauran iko a kansa. Abin da Yesu ya yi maka a kan gicciye fansa ce. Ba a bin ka bashin kome. Ƙin wani abinci, da kiyaye wata rana, da yawan azumi, ba za su ƙara ko anini a kan abin da ya riga ya biya ba. Sai dai ka tuna, wanda ya fanshe ka ba a bakin hanya ya bar ka ba, gidansa ya kai ka, gidan nan kuwa cike yake da 'yan'uwa. Daga nan ne maganar iyaka ta taso.

Bari mu ga yadda ta taso a birnin Koranti na ƙasar Helenawa. Romawa sun rushe birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, suka sāke gina shi a shekara ta 44, ya zama babbar matattarar fatake da jiragen ruwa, cike da ɗakunan gumaka. Manzo Bulus ya iso can wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, ya zauna shekara ɗaya da rabi, yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, yana wa'azi. Bayan ya tashi, ikilisiyar ta aika masa da tambayoyi yana Afisa. Ɗaya daga ciki a kan nama ce.

Kada ka rena tambayar. In aka yi wa gunki yanka a can, akan ƙone kaɗan a bisa bagade, firistoci su ɗauki rabonsu, mai hadaya ya ci saura da abokansa, abin da ya ragu kuma yakan ƙare a hannun mahauta. Mai sayen nama ba ya iya sanin daga ina ya fito. Ban da haka, ɗakin gunki shi ne wurin walima. Masu tonon kufai sun tarar da ɗakuna uku na cin abinci a jikin ɗakin gunkin da mutanen Koranti suke zuwa neman warkarwa wurinsa. Wanda ya ƙi shiga irin wuraren nan ya rabu da bukukuwan danginsa da abokan cinikinsa ke nan.

Ikilisiyar ta rabu biyu. Masu sani suka ce gunki itace ne da dutse, Allah ɗaya ne, nama kuwa nama ne. Waɗansu kuma, da suka girma cikin tsoron gumakan nan, ba su iya kai loma baki ba sai zuciyarsu ta koma ga abin da suka bari. Amsar Bulus tana cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 8 zuwa 10. Ka karanta ta da kanka a natse. Bai yanke hukunci ɗaya ga dukan naman ba. Naman kasuwa, ya ce a saya a ci, kada a tsaya tuhumar mahauci. In marar bi ya kira ka cin abinci a gidansa, ka je in kana so, ka ci abin da aka kawo. Amma in wani a wurin ya ja hankalinka cewa wannan yankan gunki ne, sai ka janye hannu, saboda lamirin mai faɗar. Zaman walima a ɗakin gunki kuwa, wannan ya hana sam, gama cin nan sujada ce, mai cin jibin Ubangiji kuwa ba shi da wurin zama a can.

Ka lura da kyau, ɗan'uwa: naman ɗaya ne a wuraren nan uku. Abin da ya sāke shi ne wanda yake kallonka, da abin da cin naka yake faɗa masa. Bulus ya yarda masu sani suna da gaskiya a kan gunki, duk da haka su ya fi tsauta wa. Gama in rarrauna ya gan ka kana ci, ya yi ƙarfin hali ya ci alhali zuciyarsa tana kā da shi, ya yi abin da shi kansa yake gani zunubi ne. Wanda ya saba take lamirinsa a ƙaramin abu kuwa ba ya daɗewa sai ya take shi a babba. Mutumin nan, Almasihu ya mutu dominsa. Bulus ya nuna a shirye yake ya bar nama muddin ransa da a ce ya kā da shi. Ba fatar baki ba ce: yana da ikon karɓar abin zaman gari daga Korantiyawa, ya bar ikon nan, ya ci da gumin hannunsa.

Akwai abubuwan da ba su shiga wannan magana ko kaɗan. A ikilisiyar nan ta Koranti wani yana zaune da matar ubansa, waɗansu kuma suna zuwa wurin karuwai, suna fakewa da 'yanci. Bulus bai tsaya auna wa zai gani ba. Zina, da sata, da ƙarya, da tsafi, haram ne ko a ɗaka kake kai kaɗai.

To, yanzu ka juyo gida. Littafi Mai Tsarki bai haramta maka naman alade ba. Amma in kana zaune gida ɗaya da dangi Musulmi, ka dafa shi cikin tukunyar mahaifiyarka domin ka nuna mata an 'yanta ka, me ka koya mata game da Yesu? Ka toshe kunnenta ga bishara a kan ɗan abin da zai wuce maƙogwaro. In maƙwabcinka ya aiko maka da naman layya, ka san shi ba mai bautar gunki ba ne, zumunci ya aiko. A ganina ka karɓa da godiya, kai ma ka tuna da shi ran Kirsimati. In kuwa lamirinka bai kwanta ba, kada ka ci, amma ka yi da ladabi, kada kuma ka zargi ɗan'uwan da ya ci.

Maganar giya ta fi wuya. Buguwa Littafi ya hana a fili. Wani zai ce, ai ni ƙwarya ɗaya ce tawa, ba na buguwa. Ko da haka ne, ka amsa wa kanka tambaya biyu tsakaninka da Allah. Kana iya wuce gidan burkutu ran kasuwa ba tare da ƙafarka ta karkata ba? In ba ka iya ba, ashe ka sami sabon ubangida, kana kuwa biyansa murgu da dawar rumbunka, 'ya'yanka su ji a cikinsu lokacin bazara. Sa'an nan, wa yake zaune kusa da kai a ɗakin sujada? Wataƙila mutum ne da ya yi shekaru a hannun giya, da ƙyar ya kuɓuta. Ƙwarya ɗayarka, a gare shi tulu ne. Saboda wannan ne ikilisiyoyi da yawa na ƙasarmu suka zaɓi barinta gaba ɗaya, ina kuwa ganin sun yi hikima, muddin ba su ce barin nan shi ne ceto ba.

Gama iyakar ma tana da iyaka. Rarrauna dabam, mai neman ɗaure ka dabam. Sa'ad da Bulus zai tafi da Timoti, wanda uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bahelene, ya yi masa kaciya domin kada Yahudawan wuraren nan su ƙi jinsa. Amma a Urushalima, da waɗansu suka matsa a kan kaciya kamar ita ce ƙofar ceto, ya tsaya kai da fata, Titus kuwa ya koma yadda ya zo. A Antakiya ma, da Bitrus ya daina cin abinci tare da masu bi na al'ummai don tsoron masu kaciya, Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Saboda haka in wani ya ce maka ba ka zama mai bi na gaske ba sai ka sa tufafin Turawa, ko ka bar sunan da ubanka ya raɗa maka, ko ka daina gaisuwa irin ta mutanenka, ka tambaye shi a hankali ya nuna maka wurin a Littafi. Ka riƙe rigarka da hularka.

Kai kuma da ka fito daga gidan da ake yi wa tsafi yanka da kaka, wannan ce za ta fi ƙona maka rai, gama mahaifinka ne. Ka je gona ka taya shi girbi, ka ɗauko masa dami har gida, ka ci tuwon gidan kamar kullum, ka fi dukan 'yan'uwanka hidima. Amma kada ka bari sai ranar yanka, an kai akuya gindin itace, jama'a suna kallo, sa'an nan ka kunyata shi. Ka same shi tun da sauran kwanaki, shi kaɗai, ka durƙusa ka ce, “Baba, kome ka sa ni zan yi, amma wannan naman ba zan iya ci ba.” Wataƙila ya yi fushi. Kafin ka tafi, ka faɗa wa dattawan ikilisiya ranar, domin su yi addu'a tare da kai.