Littafin Gudummawa da Manhajar da Aka Bar wa Kowa

Ranar yinin biki a Mawashi, cikin ƙaramar hukumar Kusada, akwai mace guda da ba ta tashi daga gefen uwar biki. Littafi ne a cinyarta da biro: wance turmin atamfa, wance dubu biyu, wance kwanon shinkafa uku. Ba a wasa da littafin nan, domin ranar da sha'ani ya tashi a gidan wance, shi za a buɗe a ga abin da za a mayar mata, galibi da ƙari. Idan ya ɓata, zumuncin shekaru na iya yin tsami.

To, a ce wani matashi ɗan yankin, mai aikin yini a Kankia, ya riƙa hana idonsa barci yana rubuta manhajar waya da za ta riƙe wannan lissafi da na lefe da na kayan ɗaki, da Hausa, ko babu data. Ya kuma ɗora lambobin da ya gina ta da su a shafin intanet na GitHub, kowa ya kwafa, kowa ya gyara. Mene ne sunan aikinsa a addini?

Tafarkin barin manhaja ga kowa ba sabo ba ne. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, a 1989 ya fitar da lasisin GPL. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya soma Linux don sha'awa kawai, yau kuma a kansa Android ke tsaye, wato yawancin wayoyin da ke aljihun mutane a kasuwar Kankia. Sharaɗin GPL shi ne abin lura: an yarda ka karɓi kuɗi, amma idan ka gyara ka raba wa jama'a, ba ka da ikon kulle lambobin. Wanda ya san fiƙihu zai tuna gonar Sayyidina Umar ta Khaibar, wadda Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, wato wakafi. Ko manhaja ta cika sharuɗɗan wakafi, wannan na malamai ne. Amma ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa uku da hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya nuna ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Kakanninmu ma da hannu suka kwafi littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mai kwafi ya sa sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a.

Sai batun talla. Mai tsoron Allah yakan ji nauyin yayata alherinsa, kada riya ta cinye ladan. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba sadakar da aka bayyana, ta fifita wadda aka ɓoye aka ba matalauta. Sai dai manhajar da ba wanda ya san da ita ba ta isa hannun kowa ba. Bayyana ta ga matan Islamiyya, ko aika saƙon murya a WhatsApp, isar da amfani ne, matuƙar manhajar ake nunawa ba mai ita ba.

Haɗarin da ya fi riya yana cikin ginin manhajar kansa. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, amma gasar akwatunan lefe ta sa samari da yawa jinkirta aure, ta kai iyaye ga sayar da gona ko tumaki. Manhajar da ta buɗe da jerin akwati goma sha biyu a matsayin ƙa'ida ta ƙara wa wutar itace, ko da kyauta aka raba ta. Wadda ke fallasa abin da kowa ta kawo ta ci amanar talakar da ta ƙulle ɗari biyar a bakin zane.

Saboda haka wanda ya ɗauki wannan aiki, kafin ya saki komai ya je ya zauna da matar nan mai littafi, ya tambaye ta abin da take rubutawa da abin da take rufawa asiri. Lissafin kuma ya tsaya cikin wayar uwar biki ita kaɗai.