Hannun da Na Kauce wa Bayan Wazifa

Ya ku ƴan'uwa, wata tambaya ce ta biyo ni daga aji har zawiya.

Ni ɗalibin ilimin halittu ne a jami'ar Zinder. A shekarar farko aka koya mana cewa duk wani mai rai, daga ciyawa har ɗan Adam, da manyan sinadarai iri huɗu aka gina jikinsa: dangin sukari da sitaci, dangin mai da kitse, furotin, sai kuma ADN da ɗan'uwansa ARN masu ɗauke da bayanan gado. Furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala iri 20 kacal, su ne a gashi, su ne a tsoka, su ne a jan jini mai dakon iska. ADN kuwa haruffa 4 ne ake ta jerawa, kuma sai a 1953 Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Ingila. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gero. Sitacin da ke cikin ƙwayarsa da zaren da ke cikin karansa duk sukari iri ɗaya ne, ƙullin ne kawai ya bambanta. Ɗaya ya zama fura a cikinmu, ɗaya kuwa sai saniya, ita ma da taimakon ƙwayoyin halittar da ke tumbinta.

Na haddace wannan, na ci jarrabawa. Sai wata Juma'a, bayan an idar da zikiri an naɗe farin ƙyalle ana musafaha, wani dattijo daga Kara-Kara ya miƙo mini hannu. Yatsunsa sun gajarce. Na yi kamar ina gyara carbi, na wuce. Babu wanda ya gani sai shi da Allah.

Duk ɗan Damagaram ya san Kara-Kara. Unguwa ce da aka tara kutare da naƙasassu a gefen gari, nesa da Birni da fadar sarki. Jikokinsu ne a yau ke fasa dutse, wasu kuma suka shiga ƙungiyoyin samari da ake kira fale, waɗanda Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021. Har yanzu in yaro ya ce daga can yake, za ka ga fuska ta sauya, musamman a maganar aure.

To me ilimin da na karanta ya ce? Kuturta ba ta cikin ADN ɗin mutum, ba a gadonta kamar sikila. Ƙwayar cuta ce da likita Hansen ya gano a Norwe a 1873. Tana da bango mai kaurin kitse, tana hayayyafa a hankali ƙwarai, tana kama jijiyoyin ji. In jijiya ta mutu, mutum ya ƙone ko ya yanke ba ya ji, miki ya yi ta maimaituwa har yatsu su gajarce. Mafi yawan mutane jikinsu na kashe ƙwayar da kansa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna masu warkar da ita, waɗanda a yau ake sha na wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Hannun dattijon nan tabo ne na ciwon da ya riga ya wuce. Na san haka sarai a lokacin da na kauce.

Wani zai ce ai akwai hadisi kan nisantar kuturu. Gaskiya ne, kuma malamai sun fassara shi da guje wa sababin kamuwa. In sababi ya gushe da magani, me ya rage? Abin da ya rage a zuciyata ƙyama ce, ita kuwa ba ta da hadisi.

Da na je wa muƙaddaminmu da maganar, bai yi mini faɗa ba. Tambayata ya yi: wa ya fara kafa hujja da abin da aka yi jiki da shi? Na yi shiru, don na gane Iblis yake nufi, wanda ya auna wuta da yumɓu ya yanke wa kansa hukuncin fifiko. Shi aƙalla asalinsa daban ne da na Annabi Adamu. Ni fa? Furotin ɗin jinina da na dattijon nan iri ɗaya ne, gero ɗaya ya gina mu, wataƙila ma daga kasuwa ɗaya.

Amma ban yarda in tsaya a nan ba, don wannan hujjar tana da rami. In darajar mutum daga daidaiton sinadari take, to akuya ma da waɗannan tubala 20 aka gina ta. Ɗakin gwaji yana iya rushe girman kaina, ba ya iya gaya mini dalilin da zai sa in girmama dattijon. Wannan sai a wajen shehunai: ruhin da aka busa, da sirrin da Allah Ya ajiye a cikin bawa, wanda ba ya raguwa don yatsa ya ragu. Mu da muke cewa muna neman ganin Allah a cikin komai, ya aka yi idona ya tsaya a kan miki?

Juma'ar da ta biyo baya na neme shi a sahu, bai zo ba. An ce mini ƙafa ce ta matsa masa. Na tambayi kwatancen gidansa, ranar Asabar zan shiga Kara-Kara karo na farko a rayuwata, ni da aka haifa a garin nan.