Kada Mu Sayar da Gādonmu Saboda Kwano Ɗaya



A Littafin Farawa mun karanta labarin Isuwa, wanda ya dawo daga jeji da yunwa, ya sayar wa ƙanensa Yakubu matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate guda. Ya ci, ya ƙoshi, ya tashi. Amma da ranar albarka ta zo, kukansa bai komo masa da kome ba. Ƙuri'armu ita ce gādonmu a ƙasar nan, ga shi kuwa kowane zaɓe akan zo mana da kwanon Isuwa: turmin atamfa, ko taliya, ko 'yan kuɗi a ninke.

Ya kamata mu tambayi kanmu, daga ina kuɗin nan suke fitowa? Sau da yawa daga aljihun attajirai da kamfanoni masu neman kwangila ko izinin haƙar ma'adinai. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shugaban da kuɗin wani suka ɗora a kujera, mai kuɗin zai saurara wa, ba talaka ba. Talakan da ya karɓi kuɗin ƙuri'arsa kuma ya rufe bakinsa da hannunsa, ba shi da ikon tambaya har shekara huɗu.

Jiharmu ta ɗanɗana ɗacin wannan shiru. Allah ya sa zinariya a ƙasar Zamfara, amma a shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Mutanen Bagega suka yi ta jira, sai a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin, bayan 'yan ƙasa sun ɗaga murya. A watan Afrilu 2019 aka hana haƙar ma'adinai a jihar saboda ta'asar 'yan bindiga, aka kuma ɗage hanin a watan Disamba 2024. Yanzu haƙƙinmu ne mu san wa aka ba izini, me yake biya, kuma ina kuɗin suke tafiya.

Mun kuma ga abin da raina doka yake jawowa. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukan ƙuri'un da aka jefa wa jam'iyyar APC a Zamfara, domin ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba. Ƙuri'a fiye da 500,000 na zaɓen gwamna suka tashi a banza, Bello Matawalle na PDP ya hau mulki. Talakawa sun sha rana a layi, rikicin manya ya cinye wahalarsu. A 2023 kuwa masu zaɓe suka sauke gwamna mai ci, suka zaɓi Dauda Lawal, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a watan Janairu 2024. Ashe ƙuri'a tana da ƙarfi in an tsare ta.

Ikilisiya ba ta da jam'iyya, ba ta kuwa gaya wa kowa wanda zai zaɓa. Abin da take koyarwa shi ne, mulki amana ce daga Allah domin amfanin kowa, mai mulki kuma zai ba da lissafi. Saboda haka, kafin zaɓen 2027, kowa ya mallaki katinsa na zaɓe, ya ƙi sayar da ƙuri'arsa, ya tsaya a rumfa cikin lumana har a ƙidaya. Iyaye, ku hana 'ya'yanku zama 'yan bangar siyasa. Mu haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, gama dalma ba ta tambayi addinin yaran da ta kashe ba.

Bari Ubangiji, mai shari'ar gaskiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya kawo salama a ƙauyukanmu da hanyoyinmu. Amin.