Tauraruwar Da Ke Walƙiya Bayan Isha'i

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi mazauna Legas, a 'yan kwanakin nan na hunturu tambaya ɗaya ta yawaita a bakin masallaci: wace tauraruwa ce ke fitowa gabas, ɗan karkace zuwa kudu, tana walƙiya fari da shuɗi da ja? Wasu sun ɗauke ta a waya sun watsa a WhatsApp, wai alamar masifa ce, wasu kuma wai babban mutum ne zai rasu. To, jama'a, mu natsu.

Sunanta Shi'ira. Cikin taurari na ainihi babu wadda ta kai ta haske da dare. Gane ta ba wuya: ku nemi taurarin nan 3 da ke jere reras, ku bi layinsu ƙasa, za ku iske ta. A tsakiyar Janairu tana ɓullowa wajen Magariba, ƙarfe 12 na dare tana can sama ta ɓangaren kudu. Wajen watan Yuni takan ɓuya a hasken rana, daga baya ta dawo gabanin alfijir. Canza launin nan kuwa aikin iska ne: idan tana ƙasa-ƙasa, haskenta na ratsa iska mai kauri da motsi, shi ya sa yake rawa. Ba ita ce Gamzaki ba. Gamzaki duniya ce mai kewaya rana, haskenta a tsaye yake. Masana sun auna cewa hasken Shi'ira, da ke gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai ya yi fiye da shekara 8 kafin ya iso idonmu. Allahu Akbar!

Allah ya ambace ta da sunanta a Suratun Najmi, aya ta 49, inda ya bayyana cewa Shi ne Ubangijinta. Malaman tafsiri sun ce wasu Larabawa a Jahiliyya bauta mata suke yi, sai aka sanar da su cewa ita ma halitta ce. Abin da aka halitta, aka yanka masa lokacin fita da na faɗuwa, ina ya ga ikon sanin ajalin wani?

Ku tuna hadisin Zaidu bin Khalid a Bukhari da Muslim. An yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da gari ya waye Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda ya jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce wa Allah. Iyayenmu manoma a gida suna lissafin damina da taurari irin su Tarfa da Jabha, kuma wannan babu laifi muddin alama ce ta lokaci. Laifin shi ne a ce tauraro ke ba da ruwa, ko arziki, ko miji.

Nan ne abin ya shafe mu. Zaman baƙunci akwai wuya: kasuwa ta ja baya, kuɗin haya ya hau, gida ana jiran aike. Sai Shaiɗan ya raɗa wa mutum ya je wajen mai duba a gano masa tauraronsa. Ɗan'uwa, kuɗin da ka yi gumi a kai ka miƙa, imaninka ma ka miƙa? 'Ya'yanmu kuma suna karanta irin wannan duba a waya, wai wasa ne. A tauhidi ba a wasa.

Wani gyara kuma: kada a ɗauki mafitarta a matsayin alƙibla. Alƙiblar Legas gabas ce mai karkata arewa, ita kuwa kudu ta karkata.

Saboda haka idan an ɗauke wuta kuma hazo ya yi sauƙi, mu fito da yara mu nuna musu ita. Yawancinsu nan aka haife su, fitilun gari da hayaƙin janareta sun rufe musu sama. Mu gaya musu sunanta, mu gaya musu wanda ya halicce ta. Masu gadi da masu shayi, ku da kuke kwana ido biyu, kun fi kowa samun wannan dama; ku haɗa kallon da tasbihi da istigfari.

Allah ya tsare mana imaninmu, ya shiryi zuriyarmu, ya buɗa mana ta hanyar halal, ya mai da mu gida lafiya. Amin.