Kafin Ka Kai Ƙirarka Baje Koli

Ɗana, in kana cikin samarin nan na Zangon Parakou ko na Djougou da hannunsu ba ya zama wuri ɗaya, waɗanda ba sa ganin matacciyar rediyo su wuce ba su kwance ta ba, to matso, da kai nake. Na san abin da ke ranka. Ku haɗu ku biyar ko goma ku kama shago, kowa ya kawo filayarsa da sukundirebansa da ɗan abin da ya tsinto wurin 'yan gwangwan, ku yi ta ƙere-ƙere, ranar baje koli ku jera kayanku a tebur jama'a su riƙe baki. Niyya ce mai kyau, Allah ya sa mata albarka. Sai dai riƙe bakin jama'a abu ne mai arha, kuma shi nake jiye maka.

Wasu sun riga ku kan wannan hanya, kuma ba nesa ba. A Lome, cikin 2012, Sénamé Koffi Agbodjinou ya buɗe wata maƙerar gayya mai suna WoeLab, ƙofarta a buɗe ga yaran unguwa. A can ne Afate Gnikou ya haɗa na'urar da ke zubo narkakkiyar roba daki-daki har ta fitar da siffar abu, daga tarkacen kwamfutoci da injinan buga takarda da aka zubar, cikin 2013. A Kwatano akwai BloLab na Médard Agbayazon, inda ake koya wa yara su yanka jarkar roba, su ɗaure kayan cikin tsohuwar kwamfuta a cikinta, su sa mata manhajar kyauta, ta tashi tana aiki. Taron baje kolin maƙeran Afirka kuwa, Maker Faire Africa, a Accra aka fara shi cikin 2009, ya je Nairobi, ya je Alƙahira, ya sauka Legas cikin 2012.

A taron Legas ɗin ne wasu 'yan mata 'yan makaranta su huɗu suka nuna janareta da aka ce fitsari ke tayar da shi. Labarin ya zaga duniya. Yaran sun yi ƙoƙari, ban raina musu ba, amma injiniyoyi sun yi tambaya guda wadda 'yan jarida suka tsallake: wutar da ake kashewa wajen raba iskar da za a ƙona daga cikin fitsarin, daga ina take zuwa, kuma ba ta fi wadda janaretan ke bayarwa ba? Ka riƙe wannan tambaya, don za ka haɗu da ita sau da yawa. Duk wanda ya zo shagonku da zancen janareta marar mai, wanda batir ke juya shi kuma shi ke cika batir ɗin har abada, ku ba shi kujera da ruwan sha, sannan ku ɗauko mita ku auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Inji ba ya bayar da ƙarfin da ya wuce wanda aka ɗura masa. Samari da yawa sun ƙarar da jarinsu da shekarunsu a kan wannan mafarki, don tafi ya yi musu daɗi tun ranar farko.

Bari in ba ka labarin wanda nake so ka yi koyi da shi. Mohammed Bah Abba ya kasance malamin makaranta a Jigawa, ɗan gidan magina tukwane. Ya ga yadda tumatir da tattasai da yalo ke ruɓewa a hannun manoman karkara cikin kwana biyu ko uku, babu wuta balle firji, dole a sayar ko nawa aka taya. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa a tsakar gida. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ya sa maginan ƙauye suka gina dubbai aka rarraba, kuma cikin 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi lambar yabo. Babu waya a ciki, babu batir, babu abin da sai an yi odarsa daga Cana. In ta fashe, mai gina wata na nan bayan gida.

To kai da kake Parakou, maginan na kusa da kai. Kama hanyar Djougou, kafin ka yi nisa za ka isa Tourou, garin da mutane suka fi ambata yanzu saboda filin jirgin sama, alhali matansa sun daɗe da yin suna wajen ginin tukwane. Je ka da ladabi. Ka rusuna ka gai da tsohuwa, ka ce mata Inna, in ba ka jin Barbanci ka tafi da mai ji. Kada ka buɗe baki da cewa ka zo koya mata wani abu. Zauna ka ga yadda take ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ta saurari ƙararta, ta ware mai tsaga a gefe tun kai ba ka ga tsagar ba. Ka biya ta kuɗin tukwane biyu, babba da ƙarama, ba ciniki mai tsanani. In ka dawo shago, ka raba tumatir kashi biyu, rabi cikin tukunya rabi cikin kwando, ka sa ma'aunin zafi, ka rubuta abin da ka gani kowace safiya da kowace la'asar. Ka gwada da hunturu, ka sake gwadawa da damina, domin dabarar busasshiyar iska take so, in iska ta jiƙe sanyin raguwa yake. Wannan ma ka rubuta, ka faɗa wa mai saye. Kada kuma ka yi wa mai wagashi alkawarin cukunta zai yi mako a ciki alhali ba ka gwada ba.

Ba na cewa ka bar waya da batir ka koma yumɓu. Cewa nake ka fara da wahalar da ke gabanka. Lokacin kashu, a cire ƙwallon a watsar da 'ya'yan a gindin bishiya suna tsami. Mangwaro na zuba har awaki su ƙoshi su bar shi. Mai awara na matse waken soya da tsumma har hannu ya yi kanta, masu man kaɗe na dakan kaɗanya tun asuba. Akwatin shanya mai rufin gilashi da 'yar fanka mai aiki da hasken rana, ko matsewar awara ta ƙarfe da mai walda zai iya gyarawa, ba za su sa a ɗauke ka hoto da yawa ba, amma su ake biya da sefa. Cibiyar Songhaï da Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, ya kafa a Porto-Novo cikin 1985 tana ƙera irin waɗannan injinan na sarrafa amfanin gona, kuma tana da reshe a Parakou. Ka je ka kalla da idonka.

Shagon kansa amana ne, kuma ba rashin basira ke kashe irinsa ba, ɓatan filaya ne. Ku sayi littafi. Wanda ya ɗauki mita ya rubuta sunansa, kuɗin haya da na wuta a zuba su kamar adashi, mabuɗi ya zauna hannun wanda ya fi kowa tsoron Allah, ko da ba shi ya fi iya aiki ba. Ku jawo tsohon maƙeri ko mai walda na unguwa ku girmama shi, don ya san halin ƙarfe fiye da abin da za ku gani a waya. Ƙannenku mata masu sha'awa ku ware musu lokaci da izinin iyaye. Wanda ya gano wata dabara kuma ya zana ta a takarda ya manna a bango. Ɓoye asirin sana'a ya binne mana ilimi mai yawa tare da masu shi.

Ka kula da jikinka. Batir ɗin tsohuwar kwamfutar hannu ko na waya in ya kumbura, kada ka huda shi, kada ka caja shi, wuta yake kamawa, ku ajiye bokitin yashi kusa. Tsohuwar talabijin na riƙe wuta a cikinta ko an zare ta daga bango. Kada ku ƙona waya don ciro tagulla, ku feɗe ta da wuƙa, hayaƙin nan guba ne. Dalmar liƙi kuma ba a cin abinci da hannun da ya taɓa ta sai an wanke da sabulu.

Ranar baje kolin, abin da ya yi wata guda yana aiki a hannun wani wanda ba ɗan shagonku ba, shi za ku ɗora a tebur. In da hali ku zo da mai amfani da shi ta yi bayani da bakinta, maginar Tourou kuma a ambaci sunanta a ba ta kasonta. Ku rubuta kuɗin da kuka kashe da kuɗin da za ku sayar. Ku bar mutane su taɓa, su juya, su buɗe. Mai kayan miya daga kasuwar Arzeke in ta ce tukunyar ta yi nauyi ko bakinta ya yi ƙunci, kada ka yi musu da ita, ka tambaye ta faɗin da take so, ka auna da igiya, ka kai wa Inna a Tourou.