Tsakanin Gyara Mota Da Ɓoye Aibinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta.

Bawan Allah zai sayar da motar da ya daɗe yana hawa. Ya wanke ta, ya goge kujeru, ya canza baƙin mai, ya sa sababbin tayoyi. Duk wannan halas ne, domin kyautata haja ba laifi ba ne. Sai dillali ya ba shi shawara a mayar da agogon kilomita baya, a zuba mai mai kauri don ƙarar inji ta kwanta, a shafe wurin da ta taɓa yin haɗari da fenti, kada a ce komai. A nan gyara ya ƙare, algus ya fara.

Shari'a ta san irin wannan tun da can. Manzon Allah (SAW) ya hana a bar nono ya taru a hantsar raƙuma ko tunkiya don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, ya kuma ba wanda aka yaudara damar mayar da ita tare da sa'i guda na dabino. Mai mai kauri a cikin gajiyayyen inji ɗan'uwan wannan ne. Imamu Gazali a cikin Ihya ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin haja, na fili da na ɓoye.

Wani zai ce ai mai saye yana da ido, ya zo da makanikinsa. Amma abin da aka ɓoye da gangan an ɓoye shi ne don makanikin ma kada ya gani. Kuma burkin da aka yi shiru a kansa yana iya tsinkewa tsakanin Maraɗi da Damagaram da iyalin wani a ciki.

Ma'aunin muridi mai sauƙi ne: duk aikin da zai iya yi wa motar mai saye yana tsaye yana kallo, gyara ne. Wanda sai ya juya baya, ha'inci ne. Wannan ita ce muraƙaba, kuma ba a zawiya kaɗai ake yin ta ba, har da garaji.

Faɗin gaskiya zai rage kuɗin motar, babu shakka. Sai dai hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya nuna albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, ɓoyewa kuwa share ta yake yi. Harshen da ya yi wuridi da asuba bai dace ya rantse a kan ƙarya da hantsi ba.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da abincinmu, albarkacin Annabi (SAW). Amin.